Amsa ga mai neman gurbi a makarantar mataimakan likita a Amurka

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Kin ce kin yi digirin farko a fannin nazarin ƙwayoyin cuta a Najeriya, yanzu kina zaune a Amurka, kuma kina son sanin yadda za ki shirya takardun neman shiga makarantar mataimakan likita, waɗanda a nan ake kira PA. Na bi wannan hanya kuma aikin da nake yi ke nan, saboda haka zan gaya miki abin da na gani.

Kafin komai, ki nemi aikin da za ki riƙa kula da majinyata da hannunki. Wannan sana'a ta faro ne a 1965 a Jami'ar Duke, inda Dakta Eugene Stead ya ɗauki tsofaffin ma'aikatan lafiya na sojan ruwa ya ƙara musu horo, kuma har gobe makarantu sun fi son wanda ya riga ya saba da ɗakin marasa lafiya, domin karatun bai cika wuce watanni 27 ba, babu lokacin koya wa mutum yadda ake tsayawa a gefen gado. CASPA, wato manhajar da yawancin makarantun ke karɓar takardu ta cikinta, tana bambanta aikin kula da majinyaci kai tsaye, irin su ɗibar jini ko aiki a motar ɗaukar marasa lafiya, da aikin da ake yi a asibiti ba tare da ɗaukar alhakin kula da majinyaci kai tsaye ba, kamar rajista. Wata makaranta awa 500 take nema, wata 1,000, wata har 2,000. Mutanenmu da yawa masu digiri suna ganin aikin mataimakiyar nas ƙasƙanci ne, kuma wannan tunani yana damuna matuƙa, domin horonsa na 'yan makonni ne, kuma a cikinsa za ki koyi haƙuri da tsoho mai ruɗewa, ki kuma san abin da za ki faɗa ranar ganawa da malamai.

Batun digirinki na gida yana bukatar lura. Za a nemi ki kai shi ga hukumar tantance takardun ƙasashen waje, irin su WES, amma makarantu da dama ba sa karɓar darussan sharaɗi sai waɗanda aka yi a Amurka. Darussan sun haɗa da ilimin sassan jiki da aikinsu, ƙwayoyin cuta, kimiyyar sinadarai, ƙididdiga da halayyar ɗan Adam, kuma wasu makarantun ba sa lissafa darasin da ya daɗe. Ki karanta sharuɗɗan kowace makaranta da kanki tun kafin ki biya kuɗin wani darasi. Mafi ƙarancin matsakaicin maki a wurare da yawa 3.0 ne cikin 4.0, sai dai waɗanda ake ɗauka galibi sun zarce haka sosai, kuma idan kika maimaita darasi, CASPA tana lissafa tsohon makin tare da sabon.

Bayanin kanki, wato rubutun da za ki gabatar da kanki da shi a CASPA, ba zai wuce haruffa 5,000 ba. Kada ki cika shi da cewa kina son taimakon jama'a, kowa haka yake rubutawa. Ki bayyana dalilin da ya sa kika zaɓi wannan aiki maimakon karatun likita, ki kafa hujja da abin da kika gani a wurin aiki ba tare da ambaton sunan majinyaci ba. Wasiƙun shaida ana bukatar uku galibi, manhajar tana karɓar har biyar, kuma ya kamata ɗaya ta fito daga PA ko likitan da ya ga aikinki da idonsa.

CASPA tana buɗewa a ƙarshen Afrilu, kuma makarantu da yawa suna cike gurabe ne yayin da takardu ke shigowa, ga shi tantance takardun na iya ɗaukar makonni. Ki yi ƙoƙari ki miƙa naki a Mayu ko Yuni. Ki kuma tabbatar makarantar tana da amincewar hukumar ARC-PA mai tantance makarantun PA, domin in babu ita ba za a bar ki ki zauna jarrabawar PANCE ba, wadda sai da ita ake samun lasisin aiki.