Aikin Faladiyam Wajen Haɗa Magunguna

Tambaya: Malam, an koya mana cewa ana amfani da ƙarfen faladiyam wajen haɗa wasu magunguna, amma kuma ba ya cikin abin da majinyaci yake sha. To, mene ne aikinsa ke nan? Daga wata ɗalibar kimiyyar sinadarai, Zariya.

Amsa: Malama, ki ɗauki faladiyam tamkar mai dalilin aure, wanda yake kai-komo har a ɗaura, sannan ya koma ya nemi wasu biyun. Ginshiƙin yawancin magunguna jerin ƙwayoyin zarra ne na kabon, kuma haɗa kabon da kabon a daidai gurbin da ake so abu ne mai wuya, domin idan aka tilasta su da zafi ko da sinadarai masu ƙarfi, sai a samu tarkacen da ba a nema ba.

Abin da faladiyam yake yi mataki uku ne. Da farko yana kutsawa tsakanin kabon da buromin ko ayodin ɗin da ke manne da shi, ya riƙe su duka. Daga nan ya karɓo kabon na biyu daga wani sinadari mai ɗauke da boron ko zinki. Da kabon biyun suka kusanci juna a jikinsa, sai su haɗe, shi kuwa ya fita yadda ya shiga. Saboda haka ɗan kaɗan yake isa, tun da ƙwaya ɗaya tana maimaita aikin sau da yawa.

Wannan ne ya sa aka ba Richard Heck da Ei-ichi Negishi da Akira Suzuki kyautar Nobel a 2010. Hanyar Suzuki mai amfani da boron, wadda ya wallafa tare da Norio Miyaura a Japan a 1979, ita ce a ganina ta fi cancantar ki ƙware a kanta, domin sinadaran boron ba sa tsoron ruwa kuma gubarsu kaɗan ce. Da ita ake haɗa losartan, maganin hawan jini.

Sai dai zancen cewa ba ya cikin magani yana buƙatar gyara. Ɓurɓushinsa yakan rage, kuma wajibi ne kamfani ya tace shi har ya sauka ƙasa da ƙa'idar da hukumomin magunguna suka gindaya. Ga kuma tsada, domin akasarinsa daga Rasha da Afirka ta Kudu ake haƙo shi, kuma masu ƙera motoci suna wawure mafi yawansa don tace hayaƙin salansa, abin da ya sa masana suka duƙufa wajen gwada nikel da baƙin ƙarfe a madadinsa.