Amsar Baffa kan Sunan Malami da Izinin Uba

Wa alaikumus salam, ɗana. Saƙonka ya same ni bayan la'asar, na karanta shi har sau biyu. Ka ce malamin da ke duba aikinka a Jami'ar Edinburgh ta ƙasar Birtaniya ya hana ka ce masa Farfesa, sunansa na yanka yake so ka kira, kuma ba ya jin daɗi in ya faɗi magana ka sunkuyar da kai ba ka ja da shi ba. Ka ce kuma yana kwaɗaita maka digirin digirgir kan koya wa kwamfuta fahimtar Hausa, alhali babanka yana ƙirga watannin da suka rage ka dawo ka kama aikin banki. Kana tambaya ko bin wannan malami ya saɓa wa tarbiyyarmu.

Zancen suna mai sauƙi ne. Mu kunya ce ke sa mu sakaya suna, shi ya sa har yau mahaifiyarka ba ta kiran sunan yayanka. Su can ba haka suke auna ladabi ba. Kira shi yadda ya ce, amma kada ka taɓa sa shi jira, kada ka je gabansa ba ka karanta abin da ya ba ka ba.

Jayayya kuwa, wa ya gaya maka baƙuwa ce a wurinmu? Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi karatu wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru, ya bi shi har Agadas. Malam Jibrilu yana ganin mai aikata manyan zunubai ya fita daga Musulunci. Shehu bai yarda ba, ya rubuta hujjojinsa, kuma bai daina yabon malaminsa ba. To in ka ga kuskure a lissafin malaminka, ka nuna masa da hujja da tattausan harshe. Yin shiru a nan cutar da shi ne.

Amma labarin bai ƙare a nan ba, ragowarsa kuma ita ta fi shafarka. Da Malam Jibrilu ya tashi tafiya Makka, Shehu bai bi shi ba, gida ya komo, domin mahaifinsa bai ba shi izinin wannan tafiya ba. Makka fa, ɗana! Malami yakan buɗe maka ido ka hango abin da ba ka taɓa sanin yana nan ba, wannan haƙƙinsa ne, amma izinin tafiya a hannun uba yake.

Ni dai aikin ya kwanta mini a rai. Tun 2013 Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara, amma har yanzu in na rubuta karin magana sai ta dawo mini da shirme. Kwanaki ƙanwarka ta rubuto mini "baki sun zo", wayarta ba ta da ƙ mai lanƙwasa. Ni na gane baƙi take nufi don na san Hausa. Na'ura fa, wa zai koya mata bambancin kasa da ƙasa in ba irinku ba? Matasan Afirka sun kafa ƙungiyar Masakhane a 2019 don irin wannan aiki, akwai Hausawa a ciki, ka ga ba kai kaɗai ba ne a hanyar.

Sai dai ka fahimci babanka. Ba banki yake so ba, tsoro yake ji. Filinsa ya sayar ya cika maka kuɗin makaranta, ga ƙannenka huɗu a baya, ga 'ya'yan mutane da suka tafi shekara ɗaya suka share goma. Don haka koma wurin malaminka ka tambaye shi dalla-dalla: akwai tallafin da zai ɗauki kuɗin makaranta da na abinci? Shekara nawa ne, uku ko huɗu? Za ka riƙa zuwa gida tattara muryoyi da rubuce-rubuce, ko can za ka zauna? In ka gama, wane aiki ke jiranka, a ina?

In ka samu amsa, kada ka tura wa babanka a rubuce ta WhatsApp. Kira shi, ka gaishe shi sosai, ka ce shawara kake nema, kada ka nuna ka riga ka yanke hukunci. Ka fara sanar da ni ranar, zan je wurinsa bayan sallar Juma'a in zauna kusa da shi kafin wayarka ta shigo.

Gwaggonka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa sa rigar sanyi. Allah ya yi maka albarka.