Wace ce malamar da ta rubuta littafin Mana da Mani na ƙasar Tailan, kuma zai yi mana amfani a aji?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar nazire ce, ina riƙe da yara 'yan shekara huɗu zuwa biyar. Ƙanina da yake zuwa Bankok saro kaya ya turo min hotunan wani tsohon littafin karatu na ƙasar Tailan, da zanen wata yarinya da kare, yace manya a can har riguna suke sawa da hoton. Don Allah wa ya rubuta shi, me yasa suke sonsa haka, kuma in aka fassara min zan iya koyar da yarana dashi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka da alheri da wannan aikin da kike yi, riƙon yara 'yan huɗu zuwa biyar ba ƙaramin jihadi bane.

Littafin da ƙaninki ya gani shine wanda suke kira Mana Mani, wasu su ƙara da Piti da Chujai, duk sunayen yaran ciki ne. Yarinyar itace Mani, karen kuma sunansa To. Wadda ta rubuta mace ce, Ratchanee Sripaiwan, ana faɗin sunan kamar Rachani. An haifeta a 1930 a lardin Maha Sarakham dake arewa maso gabashin ƙasar, yankin da ake kira Isan, wanda a lokacin yana cikin wuraren da suka fi talauci a Tailan, manoman shinkafa ne galibi. Malamar makaranta ce tun asali, ta koyar da harshen Thai, daga baya ta zama mai duba malamai a ma'aikatar ilimi. Ta rasu a watan Afrilu na 2014 tana da shekara tamanin da 'yan kai, kuma kafin rasuwarta ƙungiyar marubutan ƙasar ta karramata da lambar yabo ta Narathip wadda ake ba dattawan marubuta.

Kuma ba littafi ɗaya bane, guda 12 ne, biyu a kowace shekara daga firamare 1 zuwa 6. An fara aiki dasu a 1978 lokacin da ƙasar ta canja manhaja ta koma tsarin shekara shida na firamare, aka daina a 1994. In kina nemansu a intanet zaki ga an rubuta 2521 zuwa 2537, kar ya ruɗeki, kalandarsu ta addinin Buddha ce, tana gaban tamu ta boko da shekara 543. To kinga duk wanda yayi firamaren gwamnati a waɗannan shekarun, daga birnin Chiang Mai a arewa har kudu, da waɗannan yaran ya koyi karatu, yanzu kuma sune masu shekara arba'in zuwa hamsin da wani abu, sune masu shaguna da ofisoshi, shi yasa kike ganin hoton a riguna.

Amma fa tsufa kaɗai baya sa a so littafi, akwai littattafan makaranta da yawa da mutane suka wuce basu ƙara waiwayarsu ba. Abinda ni nake gani ya raba aikin matar nan da saura sai kin fara gane wahalar rubutun Thai tukunna. Baƙaƙensu 44 ne, wasula kuma wani ana sa shi gaban baƙi, wani baya, wani sama, wani ƙasa, ga karin sauti guda biyar da ma'anar kalma take canjawa dasu, sannan in rubutu ya miƙe basa barin fili tsakanin kalma da kalma. Yaro ɗan shekara shida ko bakwai za'a ɗorawa duk wannan. Kuma ba'a sakar mata mara ta rubuta abinda taga dama ba, akwai jerin kalmomin da aka tsara kowane aji zai sani, dole a cikinsu zata yi yawo.

Duba shafin farko kiga yadda tayi. Jimlar farko itace "Mani mi ta", wato Mani tana da ido. Sai hankaka yana da ido, baffa yana da ido. Kalmomin duk baƙi ɗaya ne da dogon wasali, babu baƙin rufewa a ƙarshe, babu alamar karin sauti ko ɗaya, kuma an raba kalmomin da fili don idon yaro ya huta. Sunayen yaran ma da gangan aka zaɓe su masu sauƙin haɗawa. Ranar farko yaro zai koma gida ya karantawa uwarsa cikakkiyar jimla, ba wai ba-bi-bu kawai ba, kuma kin fi ni sanin yadda fuskar yaro take yi in ya gane cewa shi da kansa ya karanta abu. Daga nan sai a shigo da kaguwa da maciji, hankaka na kallon wannan, na kallon wancan, kowane darasi sabon abu kaɗan ne, tsohon kuma yana ta dawowa ba tare da yaro ya ji ana maimaita masa ba.

Inda tafi burgeni shine bata tsaya a nan ba. Da ɗan kalmomin da aka bata ta gina gari guda da mutanensa. Mana shine yayan Mani. Piti yana da tsohon doki. Chujai tana da kyanwa mai ruwan toka, kuma a hannun kakarta ta wajen uba da baffanta take, mahaifinta ya rasu tun tana ƙarama. Wira yana da biri. Akwai malamarsu Pailin. Kuma yaran suna girma tare da masu karatun, in ka shiga aji uku suma sun ƙara wayo, matsalolinsu sun ƙara nauyi, jimlolin sun ƙara tsawo. Yaro baya buɗe littafin sabon zango don an tilasta masa, so yake yaji me ya samu abokansa. Zanen ma ya taimaka sosai, babban mai zanen farko Triam Chachumphon ne, shima ɗan Isan, ya zana gonaki da gidajen katako irin waɗanda yaran karkara suke gani kullum.

Sannan bata ɓoyewa yara baƙin ciki ba. Tsohon dokin Piti mutuwa yayi a cikin labarin, kuma har yau in manyan Tailan suna hirar littafin nan da wuya su tashi basu ambaci wannan darasin ba. Daga baya Piti yaci garaɓasar bankin ajiya na gwamnati ya sayi ɗan doki. Mu masu horar da malamai muna yawan fama da wannan, marubucin yara sai ya ɗauka dole komai ya zama dariya da wa'azi, alhali a ajinki yanzu haka akwai marayu, akwai wadda kakarta ke riƙo, akwai wanda akuyarsa ta mutu makon jiya yaƙi cin abinci. Yaron da yaga irin rayuwarsa a takarda yana riƙe littafin da hannu biyu.

Ba wai babu abin cewa a kansu ba. Littafin gwamnati ne, an rubuta shi a shekarun da ƙasar take cikin rikicin siyasa da tsoron kwaminisanci, don haka cike yake da koyar da biyayya da kishin ƙasa, har sunan gidansu Mana yana nufin son al'ummar Thai. Babbar matsalar kuma itace littafi ɗaya ne ga ƙasa mai harsuna da yawa. Yaran Isan a gida wani yare suke yi mai kusa da na ƙasar Laos. A can ƙarshen kudu kuwa, lardunan Pattani da Yala da Narathiwat, yawanci Musulmi ne masu jin Malay, yaro zai shigo aji ɗaya bai taɓa hira da Thai ba a miƙa masa littafi komai kyansa, kamar ka ba mara haƙori ƙashi ne. Shekaru da dama yaran wannan yankin suna baya a jarrabawar ƙasa. Sai daga baya jami'ar Mahidol tare da UNICEF suka fara wani shiri a wasu makarantun kudu inda yaro zai fara karatu da harshen gidansu tun daga nazire, a riƙa shigo masa da Thai a hankali, kuma shirin yaci kyautar yaƙi da jahilci ta UNESCO mai sunan Sarki Sejong a 2016.

Yanzu maganar ajinki. Na farko dai waɗannan littattafan ba na nazire bane, daga firamare ɗaya suke farawa. Su Tailan nazire daban take, anuban suke ce mata, ta gwamnati ta farko itace La-or Uthit da aka buɗe a Bankok a 1940. Suma sun sha fama da iyaye masu son ɗan shekara huɗu ya iya rubutu da lissafi don yaci jarrabawar shiga fitacciyar firamare, abin yayi yawa har a 2019 sukayi dokar kula da tarbiyyar ƙananan yara wadda ta taka birki ga irin jarrabawar da take cutar da girman yaro. Don haka in iyaye suna matsa miki lamba kan sai yara sun cika littafi da rubutu, ki sani ba ke kaɗai bace. 'Yan shekara huɗu abinda suka fi buƙata a karanta musu da murya, a nuna musu hoto a tambayesu me suka gani, suyi waƙa, su riƙe littafi su juya shafi da kansu, suyi ta surutu. 'Yan biyar ɗin ne zaki fara gwada musu haɗa baƙi da wasali, shima da wasa.

Fassarar kuwa gaskiya bana baki shawara. Duk dabarar littafin tana cikin zaɓen sautukan Thai masu sauƙi, da an juya shi zuwa Hausa wannan tsarin ya rushe, labari kawai zai rage, da kaguwa da gidan ibadar Buddha da yaranki basu sani ba. Abinda zaki ɗauka shine hanyar. Ki zauna ki rubuta kalmomi kamar talatin da yaranki suke faɗa kullum masu gaɓa biyu a buɗe, irin su baba, mama, kaka, kaza, gida, nono, rana, wata. Ki ƙirƙiri yara uku ko huɗu masu gajerun sunaye, kowa da dabbarsa da halinsa, ɗaya mai tsokana, ɗaya mai tsoro, ɗaya a hannun kaka. Ki rubuta jimla ɗaya a kowane shafi da manyan baƙaƙe a kwali, ki samu wani ɗan sakandare mai hannun zane a unguwa ya zana miki, kar ki sa sabbin kalmomi fiye da biyu ko uku a labari ɗaya, kuma ki bar baƙaƙe masu lanƙwasa da irin su ts da sh sai gaba. Mako mai zuwa yaran nan dai su dawo da wani sabon abin da ya samesu, kazar ta ɓace, an nemota a bayan rumbu. In kin karanta musu kiga inda suka yi shiru da inda suka fara mutsu-mutsu, wurin mutsu-mutsun shi zaki gyara. Ki ce ma ƙaninki in ya koma ya duba miki na aji ɗaya a shagunan littattafai, ko baki iya karantawa ba zaki ga yawan kalmomin da ake sawa a shafi da yadda zane yake ɗaukar rabin aikin.