Tambaya da Amsa: Farautar barewar tsauni da baka ta hanyar sanɗa

Wasiƙun wannan fitowar sun taru ne a kan farautar barewa mai ƙaho mai rassa, irin ta tsaunukan yammacin Amurka da Turai, inda maharbi ke hango dabba daga nesa ya bi ta da ƙafa har ya kusance ta da baka.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina hango barewa tun da sassafe tana kiwo, in tashi in bi ta a hankali, amma kafin in matso mita 100 sai ta ɗaga kai ta arce. Ba ta gan ni ba, ban kuma taka abin da zai yi ƙara ba. Ina matsalar take?

Amsa: Ɗan'uwa, hancinta ne ya kama ka, kuma tashin wuri ne ya jawo maka. Iskar tsauni tana da tafiyarta ta kullum. Da dare ƙasa na hucewa, iska mai sanyi ta yi nauyi ta riƙa gangarowa cikin kwazazzabai, haka har bayan fitowar rana. Idan rana ta gasa gangaren, sai iskar ta juya ta fara hawa, ba ta sake juyowa sai inuwar yamma ta rufe wurin. A tsakanin juyin safiya akwai awa ɗaya ko fiye da iska ba ta da alƙibla: yanzu tana fuskarka, an jima tana ƙeyarka. A daidai wannan lokacin ne mai gaggawa yake isa kusa da dabba.

Saboda haka safiya ta kallo ce. Ka hau wuri mai tsayi tun gari bai waye ba, ka ɗora madubin hangen nesa mai ninki 10 a kan sandar ƙafa uku, domin hannu na rawa, kuma abin da kake nema ba dabba sukutum ba ce. Tsinin ƙaho ne a bayan ganye, ko kunne da ya kaɗa ƙuda. Ka jira ta kwanta. Kwanciyar farko ba ta daɗewa, rana na hawa inuwa na gushewa, sai ta tashi ta koma ƙarƙashin dutse ko itace mai duhuwa. Wannan ta biyun, daga hantsi zuwa tsakar rana, ita ce ta dogon lokaci, ita za ka yi wa shiri.

Kafin ka bar wurin kallo, ka riƙe alamomi uku a kan hanyarka, misali busasshen itace, farin dutse da bakin zaizaya, ka ɗauki hoton gangaren da waya. Wurin da ka sani sarai daga nesa yakan rikiɗe maka da zarar ka tsaya a kansa. Ka kuma ƙirga sauran dabbobin da ke kewaye, don galibi ba namijin da kake bi ne ke tona ka ba, wata mace ce kwance a gefe da ba ka lura da ita ba.

Sannan ka zaga ta bayan doron tsaunin ka ɓullo mata ta sama. Iska na hawowa daga wurinta zuwa wurinka, ita kuma yawanci ƙasa take fuskanta. Amma kada ka dogara da ƙa'idar kawai: girgije na rufe rana na 'yan mintuna iskar kan faɗo, kuma babbar iskar yanayi tana iya danne ta gangare gaba ɗaya. Ka riƙe ƙaramar kwalbar gari mai laushi, ka riƙa fesawa kana ganin inda ya nufa. In ya nufi dabbar, ka ja da baya. Barewar da ba ta sansano ka ba gobe tana nan. Wadda ta sansano ka kan bar kwarin.

Tambaya: Na taɓa isa mita 30 daga barewa tana kwance, ƙahonta kawai nake gani. Wani ya ce in jefa tsakuwa ta miƙe. Haka ake yi?

Amsa: Ban ba ka wannan shawarar ba. Barewar da aka tayar da jifa sau da yawa ba ta miƙewa ta tsaya, zabura take yi da gudu, in ma ta tsaya to a firgice take. Ka durƙusa da kibiya a ɗane, ka auna tazarar wurin da za ta tsaya, ka jira. Da kanta za ta tashi ta miƙe jiki ko ta sauya inuwa, wani lokaci bayan awa biyu ko uku. Ƙahon ne zai gaya maka: in ya fara juyawa da sauri yana karkata gaba, tashi za ta yi. Ka ja baka lokacin da kanta ke kallon wani waje.

Don isa wannan tazarar, ka ajiye jaka da takalmi tun daga mita 100, ka ƙara safa mai kauri a kan ta ƙafarka, ka bar alama a wurin. A gangare a zaune ake sauka, baka a kan cinya, kana ɗauke tsakuwa da busassun ƙirare da hannu kafin ka sa ƙafa. Ka matsa lokacin da iska ke kaɗa ganye, ka tsaya cak idan ta lafa.

Tambaya: Ranka ya daɗe, a fili ina samun abin da na saita a mita 40, amma idan na harba daga sama zuwa ƙasa kibiyar ta bayan dabbar take wucewa. Me ya sa?

Amsa: Dalili biyu ne. Nauyi yana sauke kibiya ne gwargwadon tazarar da ta ci a miƙe, wato a shimfiɗe kamar a fili, ba tsawon gangaren ba. Mita 40 a gangare mai digiri 30, mita 35 ne a miƙe. A digiri 45 kuwa mita 28 ne kacal. In ka saita da 40 dole ta wuce sama, kuma haka yake ko hawa kake harbi. Na'urar auna tazara mai lissafin kusurwa tana cire maka wannan. Na biyu tsayuwa ce: mutane kan sauke hannun baka kawai, sai tsawon jan ya canza. Ka ja baka kamar a fili kake, sannan ka lanƙwaso daga ƙugu. A gefen tsauni kuma jiki kan karkatar da baka ba ka sani ba, kibiya ta kauce gefe, don haka ka dubi kumfar da ke cikin 'yar kwalbar ruwa ta jikin abin saiti, mai nuna ko baka ya karkata, kafin ka saki.

Tambaya: Daga wace tazara ya dace a yi harbi, kuma da wane irin baka?

Amsa: Huhu da zuciyar barewa faɗinsu bai wuce na farantin cin abinci ba, kimanin santimita 20. Tazararka ita ce wadda kake sa kowace kibiya cikin wannan faɗin, da kan kibiya na farauta, a durƙushe, kana haki. Ga yawancin mutane wannan bai kai mita 40 ba. Akwai kuma abin da ƙwarewa ba ta gyarawa: sauti na tafiyar mita 340 a daƙiƙa, kibiyar bakan zamani kuwa wajen 85. A mita 40 ƙarar tsarkiya ta riga kibiya isa da fiye da sulusin daƙiƙa, ya ishi dabba ta duƙa don zabura, kibiya ta same ta a sama ko a ciki.

Ka harbe ta tana tsaye a gicciye, ko ta ɗan ba ka baya. Ka saita dab da bayan ƙafar gaba, sulusi ɗaya daga ƙasan ƙirji. In ta ɗan juya baya, ka nufi ƙafar gaba ta ɗaya ɓangaren. Daga sama sosai, ka ɗan ɗaga wurin shiga don kibiyar ta ratsa huhu biyu. In tana fuskantarka, ka haƙura, ƙashin kafaɗa na tare hanya.

Maganar kaya doka ce ke fara yanke ta. Jihar Kolorado ta Amurka na buƙatar baka mai ƙarfin ja aƙalla laba 35, wajen kilo 16, da kan kibiya mai kaifin ƙarfe aƙalla biyu. Faransa ta halatta farauta da baka a 1995 bisa sharaɗin horo. A Birtaniya kuwa haramun ce ga kowace dabbar daji. Ka nemi lasisi ka san lokacin da aka buɗe kafin komai. Kan kibiya kuma ya zama yana aske gashin hannu, domin zubar jini ke kashewa, dakusasshe kuwa ture jijiya yake yi maimakon ya yanke ta.

Tambaya: Bayan na same ta, nan take zan bi?

Amsa: A'a. Ka tsaya inda kake, ka riƙe wurin da take tsaye da wurin da ta ɓace maka, ka saurara. Bayan rabin awa ka je ka duba kibiya. Jini mai haske da kumfa na huhu ne, ka bi, da wuya ta yi nisa. Ja mai duhu na hanta ne, ka ba ta awa 4 zuwa 6. In akwai kore-kore da wari, tumbi ka samu, sai awa 8 zuwa 12. Dabbar da ta ji rauni kan kwanta kusa in ba a kore ta ba, amma in ka tayar da ita, za ta yi nisa ba tare da ɗigon jini ba. Ruwan sama ne kawai zai sa ka rage jiran. Kana bi kana sa alama a kowane ɗigo, kana tafiya a gefen sawu, kana duba ganye daidai tsayin ƙirjinta, ba ƙasa kaɗai ba.

Da ka same ta, zafi ne abin tsoro. Ka feɗe nan take, ka raba cinyoyi da kafaɗu, ka sa su a buhunan yadi masu shan iska, ka rataye a inuwa. Kada ka sa nama mai ɗumi a leda. Cinya ta kusa da ƙashi take fara lalacewa, don haka in rana na da zafi ka tsaga ta har ƙashi, ko ka cire ƙashin gaba ɗaya, kafin ka fara saukowa da kaya.