Hadda gado ce ko aikin tilawa?

Tambaya: Ni malamin makarantar allo ne a Tawa. Yaro zai biya aya da safe har ta zauna masa, kafin la'asar ta gudu. Wadda ya yi kwanaki yana tilawarta kuwa ba ta barinsa. Ƙanena da ke Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai ya ce komai na mutum yana cikin ƙwayoyin gado. To, ashe hadda gado ce?

Amsa: Allah ya gafarta Malam, ƙanenka rabin maganar ya kawo maka. Kusan kowace ƙwayar jikin mutum tana ɗauke da ƙwayoyin gado iri ɗaya, wajen 20,000 masu ba da umarnin ƙera furotin, wato sinadaran da jiki ke gini da aiki da su. Ta fata da ta jijiyar ƙwaƙwalwa duk kayansu ɗaya. Abin da ya raba su shi ne wanda aka buɗe da wanda aka rufe, kamar malamai biyu masu littattafai iri ɗaya, wannan ya buɗe na fiƙihu, wancan na nahawu. Kuma buɗewa da rufewar nan ba a cikin uwa ta ƙare ba. Almajirinka yana riƙe da allo tana gudana a kansa.

Eric Kandel na Amurka, ɗaya daga cikin waɗanda suka sami kyautar Nobel a 2000, ya nuna haka da wata katantanwar teku mai suna Aplysia. Ƙwayoyin jijiyarta wajen 20,000 ne kacal, wasu don girma ido yana ganinsu. In aka ɗana mata lantarki sau ɗaya a wutsiya, sai ta riƙa saurin janye gaɓar numfashinta da an taɓa ta, amma bayan mintuna ta manta. A nan furotin ɗin da ke akwai ne kawai aka ɗan gyara a mahaɗar jijiyoyi. Wannan ita ce ayar safe.

In kuwa aka maimaita sau huɗu ko biyar ana ba da tazara, saƙon yakan wuce har cibiyar ƙwayar jijiyar, ya tada wani furotin da ake kira CREB. Shi ne ke hawa kan zaren da ƙwayoyin gado ke jere a kai ya buɗe wasu daga cikinsu da ke rufe. Sai a ƙera sabon furotin, jijiyar ta tsiro da sababbin mahaɗai, har sukan kusa ninkawa, abin ya zauna kwanaki. Da masu bincike suka toshe ƙera sabon furotin, tunin ɗan lokaci bai taɓu ba, na dogon lokaci ne ya ƙi samuwa. A ganina hujja ba ta wuce wannan ba: hadda gini ce da jiki ke yi, kuma gini yana son lokaci. A ƙudajen 'ya'yan itace ma an ga horon da aka rarraba ya fi wanda aka yi a zama ɗaya daɗewa.

Gado yana da nasa rabo, shi ya sa wani yaro ya fi wani saurin kamawa. Amma don Allah kada a yanke wa yaro ƙauna a ce kansa ne haka. Wannan maganar tana yi mini ciwo. A raba masa biyawar, asuba, hantsi da bayan magariba, gobe a koma kan ta jiya kafin a wanke allon. A bar shi ya ƙoshi da barci, domin a cikinsa ƙwaƙwalwa ke ƙarfafa abin da ta koya da rana. Wanda kuma ya ɗashe, yana yawan kasala, a kai shi likita a auna jininsa, don ƙarancin jini yana rage wa yaro natsuwa wajen karatu.