Tambaya da Amsa: Gwiwa ta warke amma zuciya ta ƙi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan ƙwallo ne, shekarata 24, bara jijiyar gwiwata ta tsinke a wasa aka yi min aiki na yi wata goma ina jinya, yanzu likita ya ce ƙafa ta warke amma wallahi ko a tirenin da na ga mutum ya taho min sai in janye ƙafa, koci har ya fara ce min matsoraci a gaban yara. Barci ba na samu, abinci ba ya min daɗi, ƙwallon da nake so kamar raina ko a talabijin ba na son gani, wani abokina ya fara ba ni tiramadol wai zai cire min tsoron. Kwantiragina saura wata biyar, ina tsoron in na faɗa wa kulob su ce na haukace su sallame ni. Wani lokaci da dare har nakan ce gara ma a ce ba na duniyar. Don Allah kar a sa sunana.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina. Maganarka ta ƙarshe ita ta fi tsaya min a rai, da ita zan fara. Wannan tunanin da ke zuwa maka da dare kar ka sake kwana da shi kai kaɗai, yau ɗin nan ka faɗa wa mutum ɗaya da ka yarda da shi, mahaifi ko yaya ko amini, ku je wajen likita tare cikin satin nan, in kuma ka ji tunanin ya matsa maka har ka fara shirya wani abu to asibiti za a wuce a lokacin ko da tsakar dare ne, ƙwayoyin da ke hannunka kuma ka ba wani ya riƙe.

Ba haukacewa ka yi ba. Rashin barci, rashin cin abinci, abin da kake ƙauna ya fita daga ranka, in suka haɗu suka wuce sati biyu likitoci na zargin ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. A 2015 ƙungiyar ƙwararrun 'yan ƙwallo ta duniya FIFPRO ta fitar da wani bincike, kashi 38 cikin 100 na 'yan wasan da aka tambaya sun ce suna da alamun damuwa ko fargaba, ka ga kenan a ɗakin da kuke canza kaya ba kai kaɗai ba ne, kowa dai ya yi shiru ne. Andres Iniesta a 2009 bayan Barcelona ta cinye kofuna uku, ga rauni ya dame shi ga amininsa Dani Jarque ya rasu kwatsam, ya faɗa cikin irin wannan halin, ya nemi taimako aka haɗa shi da masana, shekarar da ta biyo baya shi ya ci wa Sifaniya ƙwallon da ta ba ta kofin duniya a minti na 116. A wannan 2009 ɗin ne kuma aka rasa Robert Enke golan Jamus da Hannover yana da shekara 32, sai bayan rasuwarsa matarsa ta bayyana cewa ya daɗe yana ɓoye ciwon saboda tsoron abin da zai rasa in aka sani. Duk lokacin da na tuna shi raina na ɓaci, don tsoron nan nasa shi ne dai naka na kwantiragi.

Shi kuma janye ƙafar, ai jiki ne ke tuna zafin da ya sha, an sani sarai cewa tsoron sake jin ciwo na cikin manyan dalilan da ke hana mutane komawa yadda suke bayan aikin jijiyar gwiwa, kuma zagi ba ya cire shi. Kaɗan-kaɗan ake cire shi, ka fara da abokin da ka yarda da shi yana taɓa ka a hankali, sai a ƙara ƙarfi, sai wasan mutum uku-uku, har a kai cikakken wasa, mai gyaran gaɓoɓi yana duba ƙafar masanin halayyar ɗan'adam yana aiki a kan tsoron.

A nan ake kuskure da yawa. Akwai masanin da aikinsa ƙara wa lafiyayyen ɗan wasa natsuwa da mai da hankali a fili, akwai kuma likitan ƙwaƙwalwa da ke gano ciwo ya rubuta magani, kai na biyun kake buƙata tukuna. Da ka zauna ka ce masa ni ɗan wasa ne ana yi min gwajin ƙwayoyi. Magungunan damuwa da aka fi bayarwa irin su sertraline da fluoxetine ba sa cikin jerin da WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni, ta haramta, sai dai sukan ɗauki makonni kafin a ji aikinsu, kar ka yar da su a sati na farko. Tiramadol kuwa tun 1 ga Janairun 2024 WADA ta haramta shi a lokacin gasa, ga kama mutum da yake yi, kuma haɗa shi da maganin damuwa na iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, don haka ka faɗa wa likita gaskiyar nawa kake sha kuma tun yaushe, shi zai tsara maka yadda za ka bari.

Maganar kulob, tsoronka yana da tushe ba zan ce maka babu ba. Kana iya ganin likitan da ba kulob ke biyansa ba, in kuma na kulob ɗin za ka gani ka fara tambayarsa wa da wa za su ga takardarka kafin ka buɗe baki. Ka sake rubuto min bayan ka je, ina jira.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni koci ne na masu tsere shekara 15 kenan. Gaskiya ni wannan maganar lafiyar ƙwaƙwalwa ina ganin tana sangarta yara, mu a zamaninmu haƙuri muke yi. Ina da yarinya mai shekara 17 tana da gudu sosai, na ce ta rage ƙiba kaɗan, yanzu ta rame kuma ana gobe gasa sai ta kama kuka ta ce ba za ta iya ba. Lallashi zan yi ko matsawa?

AMSA: Yallaɓai koci, tunda har ka rubuto na san yarinyar tana ranka. Amma ban yarda da kai ba a kan sangarta. Simone Biles, 'yar wasan tsalle-tsalle da juyi a sama ta Amurka, a gasar Olympics ta Tokyo a 2021 ta janye ana tsaka da wasan ƙarshe na tawaga saboda in ta tashi sama ba ta sanin inda jikinta yake, an zage ta sosai, a Paris 2024 ta dawo ta ɗauki zinare uku da azurfa ɗaya. Da ta matsa a ranar wataƙila da wuyanta ta karya.

Ramar ce ta fi damuna fiye da kukan. Tun 2014 kwamitin Olympics na duniya ya yi gargaɗi a kan 'yan wasan da abincinsu ba ya kai ƙarfin da suke ƙonawa, ga mace al'ada kan ɗauke, ƙashi ya yi rauni ya riƙa tsagewa, fushi da kuka su yawaita, gudun ma da ake nema ya ragu. Ka daina auna ta a gaban mutane, ka daina maganar ƙiba kwata-kwata, ka kira iyayenta a kai ta wajen likita, in da hali mace, don akwai tambayoyin da ba za ta amsa maka ba. Gano ciwo ba aikinka ba ne, naka shi ne ka lura tunda kai ke ganinta kullum, kuma ka faɗa mata da bakinka cewa gurbinta na nan ko ta huta wata uku, wannan maganar daga gare ka ta fi ta kowa nauyi a wajenta.

Kai ma fa ya barcinka? Jurgen Klopp a Janairun 2024 ya ce zai bar Liverpool don ƙarfinsa ya fara ƙarewa, a lokacin suna saman teburi. Shekara 15 ɗin da ka yi kana koci ba wasa ba.

TAMBAYA: Malam ni mawaƙiya ce, a gida murya lafiya lau amma da na hau dandamali hannuna ya kama rawa baki ya bushe. An ce akwai ƙwayar da ake sha.

AMSA: Akwai 'yar'uwa, propranolol, tana rage bugun zuciya da rawar hannu amma ba ta taɓa tunanin da ke kawo tsoron, kuma tana da haɗari ga mai asma da mai ƙarancin hawan jini, sai likita ya duba ki. Kafin nan ki riƙa yin waƙar a gaban mutum biyar, sai goma, sai ashirin, da kayan da za ki sa ranar, kuma kafin ki hau ki ja numfashi a hankali fitarwar ta fi shaƙar tsawo. In tsoron ya kai har kin fara ƙin karɓar gayyata, to ki nemi masanin halayya da ya saba aiki da masu hawa dandamali.