Ziyarar Ban Girma: Me Jakada Ke Samu Daga Gaisuwar Minti Ashirin?

Tambaya: Assalamu alaikum. Kusan kullum sai na ga labari cewa sabon jakadan ƙasa kaza ya kai wa minista kaza "ziyarar ban girma". A zauna, a yi hoto, a watse, ba a sa hannu a kan komai ba. Wannan aiki ne, ko ɓata lokaci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Aiki ne, malam, kuma wanda ya raina shi yakan gane kurensa daga baya.

Fara da yadda jakada ke shiga ƙasa. Yarjejeniyar Viyana ta 1961 kan hulɗar jakadanci ta ce sai ƙasar da za a tura shi ta amince da sunansa tukuna, kuma idan ta ƙi ba dole ba ne ta faɗi dalili. Da ya sauka, ƙofar farko da yake ƙwanƙwasawa ita ce ta ma'aikatar harkokin waje, wajen jami'in da ke kula da tsarin karɓar manyan baƙi, inda yake ba da kwafin takardunsa na kama aiki. Ainihin takardun shugaban ƙasa ake miƙa wa, a ranar da fadarsa ta tsayar, wani lokaci bayan makonni. Kafin ranar, a ƙasashe da yawa jakada yakan takaita fita bainar jama'a. Bayanta ne zagayen gaisuwa ke buɗewa: ministoci, shugabannin majalisa, sauran jakadu, manyan 'yan kasuwa da malaman jami'a.

Cikin waɗanda yake fara gaisarwa akwai shugaban jakadu, wato wanda ya fi kowa daɗewa a ƙasar, ko da ƙasarsa ƙarama ce (wasu ƙasashen Katolika kan bai wa wakilin Fafaroma wannan matsayi). Wannan tsari da jini aka same shi. A 1661, a Landan, mutanen jakadan Faransa da na Sifaniya suka kaure da faɗa a kan titi saboda keken dokin wa zai shiga gaba wajen tarbar jakadan Suwidin, har aka rasa rayuka. Sai a taron Viyana na 1815 aka tsayar da magana: wanda ya riga zuwa shi ne gaba.

To me ke faruwa a cikin ɗakin? Kujeru biyu, tutoci biyu, shayi. Da wuya a wuce rabin awa. Jakada ya gabatar da kansa, ya isar da gaisuwar gwamnatinsa, ya ambaci fanni ɗaya ko biyu da yake son a yi aiki tare. Amma dubi gefe, za ka ga wani matashin jami'i da ɗan littafi a cinya, bai ce uffan ba, alƙalaminsa kuma bai tsaya ba. Kafin dare rahotonsa ya isa gida: wa ya fito tarba, minti nawa aka bar su a falon jira, ministan da kansa ya zo ko mataimaki ya turo, wace magana ce ta sa ya gyara zama, wacce ya tsallake. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma jakadu sun iya karanta ta. Idan buƙatar ganawa ta yi wata uku ba amsa, wannan shirun ma saƙo ne, kuma za a rubuta shi.

Kuskuren da nake yawan gani ga sabon shiga shi ne ya zo ziyarar farko da ƙoƙon bara ko tarin ƙorafi. Ba wurinsa ba ne. Mai masauki zai yi murmushi, ya ce za a duba, amma ya riga ya sa shi a layin masu takura. Haka nan jakadan da ya tsoma baki a siyasar cikin gida, abin da sashe na 41 na Yarjejeniyar Viyana ta 1961 ya hana.

Amfanin ziyarar sai ranar matsi yake fitowa. An tsare wani ɗan ƙasarka cikin dare, ko jirgin kwaso mutane na neman izinin sauka cikin gaggawa. Jakadan da ya taɓa zama da babban jami'in, ya karɓi lambar wayarsa, kira ɗaya zai yi. Wanda bai taɓa zuwa ba zai rubuta takarda ta hukuma ya jira a buɗe ofis. Zumunta a ƙafa take, har tsakanin gwamnatoci.

Kana da gaskiya a wuri ɗaya: akwai ziyarar da hoto kawai aka je nema, musamman wadda ake kai wa wanda ba shi da ta cewa a kan komai. Hanyar gane ta ba wuya. Ka sa ido bayan wata shida, ka ga ko an sake haɗuwa, ko an kafa kwamiti, ko wata tawaga ta biyo baya.

Idan wa'adin jakada ya cika, yakan sake bin ƙofofin nan ɗaya bayan ɗaya don sallama, sannan ya bar wa magajinsa bayanin waɗanda ya kamata ya fara gani da abin da kowannensu ba ya son a taɓo masa.